Ƙananan Jiragen Sama da Matsalar Sauka: Me Ke Faruwa a Mintocin Ƙarshe Kan Rufin Agege?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Agege bayan magariba ya san yadda hira take yankewa da kanta. Ana tsaka da magana sai rugugin jirgi ya danne ta, a ɗaga kai a ga fitilunsa da tayoyinsa a sake, ya shuɗe ta kan rufin kwano ya nufi Ikeja, sannan mai magana ya ɗora daga inda ya tsaya. Titunan sauka biyu na filin jirgin Murtala Muhammed a miƙe suke daga arewa zuwa kudu. Iskar Legas ta fi busowa daga wajen teku, jirgi kuwa ya fi son ya sauka yana fuskantar iska, shi ya sa yawancin masu sauka ta arewa suke shigowa, ta kan Iju da Agege da Mangoro. Unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinta tana ƙarƙashin hanyar da jirgi ke bi a mintocinsa na ƙarshe a sama.

Ranar 1 ga Agustan 2023 wani ƙaramin jirgi ya faɗo a titin Oba Akran da ke Ikeja, ya kama da wuta a gaban jama'a. Kafin dare bidiyonsa ya gama zagaya WhatsApp, ana ta cewa helikwafta ce. Daga baya hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasa, NSIB, ta bayyana cewa jirgi ne mai fukafukai, ƙirar Jabiru J430 mai inji ɗaya, kuma mutum biyun da ke ciki sun tsira da ransu. Wata uku bayan nan, ranar 3 ga Nuwamba, jirgin Hawker 800XP da ya ɗauko Ministan Wutar Lantarki Adebayo Adelabu daga Abuja ya taɓa ƙasa kafin ya kai bakin titi a Ibadan. Ranar 26 ga Janairun 2024, a wannan filin dai, wani jirgi ƙirar Challenger 601 ya sauka ya zarce ƙarshen titi. Ba a rasa rai ba a duka biyun. Abin da ya biyo baya ne ya rikita masu bin labarai. Maimakon a ji maganar inji ko birki, sai aka ji hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana dakatar da takardun izini, Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo kuma yana kafa kwamiti kan shatar jirage ba bisa ƙa'ida ba. Me ya haɗa takarda da zamewar taya?

## Kalmomin da labarai ke cakuɗawa

A bakin mutane duk abin da ya sami jirgi hatsari ne. A wajen masu bincike kalmar tana da iyaka. Najeriya tana bin ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ke cikin Ƙari na 13 na yarjejeniyar Shikago ta 1944. A can ana kiran abu hatsari idan wani ya mutu ko ya ji mummunan rauni, ko jirgin ya yi lalacewar da ta taɓa ƙarfin jikinsa ko iya tashinsa, ko kuma ya ɓace. Idan saura ƙiris hakan ta faru amma Allah ya tsare, sunansa lamari mai tsanani, kuma shi ma ana bincikensa. Don haka jirgi zai iya ragargajewa kowa ya fito da ƙafarsa, a rubuta shi hatsari. Wani kuma ya zame cikin ciyawa fasinja su yi ta salati, a rubuta shi lamari mai tsanani.

Saukar gaggawa daban ce. Matuƙi ne ya ga matsala tun yana sama ya nemi hasumiya ta buɗe masa hanya, kuma galibi lafiya ake ƙarewa. Matsalar sauka ta ainihi takan zo da fuska huɗu: jirgi ya taɓa ƙasa bai kai titi ba, ko ya zarce ƙarshensa, ko ya karkace ya fita ta gefe, ko ya bugi titin da ƙarfi har ƙafar taya ta karye.

Ita ma kalmar "ƙaramin jirgi" buhu ce mai ɗaukar komai. Jabiru na Oba Akran, da mutanensa da mansa, bai wuce kilo 700 ba. Hawker na Ibadan ya haura kilo 12,000, injinansa biyu, matuƙansa biyu. Duka ana ce musu ƙanana, alhali horon matuƙansu da na'urorinsu da gudun da suke sauka da shi sun sha bamban ƙwarai.

## Jirgin maigida da jirgin haya

Wanda ya san bambancin tasi mai fenti da kabu-kabu ya riga ya fahimci rabin wannan magana. Kamfanin da zai ɗauki mutane don kuɗi, da tikiti ne ko da shata, dole ya mallaki takardar AOC daga NCAA. Samunta mataki biyar ne. Ana duba littattafan aikin kamfanin, da tsarin gyaran jiragensa, da horon matuƙa da gwajin da ake maimaita musu lokaci-lokaci, da iyakar awoyin da za su yi kafin su huta, har da tashin gwaji a gaban sufetocin hukuma. Attajiri ko kamfanin da ya sayi jirgi don amfanin kansa kuwa takardar PNCF ake ba shi. Sharuɗɗanta sun fi sauƙi, domin ana ɗauka shi da iyalinsa da ma'aikatansa ne a ciki, kuma a jikinta an rubuta cewa ba za a ɗauki fasinja ko kaya don kuɗi ba.

Jirgi yana cin kuɗi ko a ajiye yake: albashin matuƙa, inshora, kuɗin wurin ajiya, kayan gyara da ake saye da dala. Sai wasu masu PNCF suka shiga ba da jiragensu haya a ɓoye, ta hannun dillalai, a farashin da ya gaza na masu AOC. Rahoton farko na NSIB kan jirgin Ibadan na Nuwamban 2023 ya nuna cewa PNCF ce kamfanin yake riƙe da ita. Bayan na Janairu, NCAA ta dakatar da izinin kamfanin da abin ya shafa. A Afrilun 2024 ta dakatar da wasu uku da ta ce ta kama suna haya, ta umarci duk masu PNCF su zo a sake tantance su, a Yuli kuma ta dakatar da goma da ba su zo ba. Kwamitin da minista ya kafa a Yunin 2024 ƙarƙashin Kyaftin Ado Sanusi ya miƙa rahotonsa a Maris 2025, inda ya ce ƙasar ta yi asarar kimanin naira biliyan 120 cikin shekara goma ta wannan hanya.

Akwai abin da ido zai iya gani a jikin jirgi. Lambar da ta fara da 5N rajistar Najeriya ce, wadda ta fara da N kaɗai ta Amurka ce, kamar ta Challenger ɗin Ibadan. Alhakin farko na tabbatar da lafiyar jirgi yana kan ƙasar da aka yi masa rajista, ko da a Ikeja yake kwana kullum.

## Daga ƙafa 1,000 zuwa ƙasa

Alƙaluman da kamfanin Boeing ke fitarwa kan manyan jiragen fasinja sun daɗe suna nuna abu guda: gangarowar ƙarshe da sauka ba su wuce kashi 4 cikin 100 na lokacin tafiya ba, amma kusan rabin hatsarin da ake rasa rai a nan yake faruwa. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, rahotannin ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta AOPA suna nuna cewa hatsarin sauka ya fi kowane iri yawa a ƙananan jirage, sai dai ba kasafai yake kisa ba, saboda gudu ya ragu kuma ƙasa ta kusa. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan ganin hoton jirgi a cikin ciyawa, mutane na tsaye a gefensa suna waya.

Jirgi yana gangarowa ne a kan wata tsani da ba a gani, mai karkatar digiri 3, wato yana rage kimanin mita 52 a kowace kilomita. Wanda ke kilomita 5 daga bakin titi bai kai mita 300 daga ƙasa ba, shi ya sa mutanen Agege ke iya karanta sunan da ke jikinsa. A gefen titin akwai fitilu huɗu a jere. Idan matuƙi ya hango biyu farare biyu jajaye, yana kan hanya. Farare suka yi yawa, ya yi sama. Jajaye suka yi yawa, ya yi ƙasa. Ana son ya tsallaka bakin titi yana ƙafa 50 daga ƙasa, tayoyinsa su taɓa wajen mita 300 daga bakin.

Sai maganar gudu, kuma a nan lissafin ba ya yafiya. Idan gudu ya yi kaɗan, fukafukai su daina ɗaukar jirgi ya faɗo kamar jifa. Idan ya yi yawa, jirgi ya ƙi zama, ya yi ta shawagi a kan titi. Cessna 172, irin wanda ake koyon tuƙi da shi, yana shigowa da kimanin kilomita 120 a awa. Jirgin attajirai mai injin jet yana shigowa da ninkin haka, wato yana cinye mita 67 a kowace daƙiƙa. Shawagin daƙiƙa biyar kacal ya ci sama da mita 300 na titi birki bai fara aiki ba. Ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 kuma yana ƙara tsawon da ake buƙata don tsayawa da kusan kashi 20. Titin cikin gida na Legas, mai lamba 18L, ya kai kimanin mita 2,700, na ƙasa da ƙasa, 18R, mita 3,900 ne. Na Ibadan a lokacin da jiragen nan biyu suka sami matsala, da na filaye da yawa a jihohi, ba su kai haka ba, kuma a irin waɗannan filayen ne jiragen manya suka fi sauka lokacin biki da siyasa.

Saboda haka aka kafa ƙa'idar da kowane matuƙi ya haddace. Idan ana tafiya da na'ura cikin gajimare, kafin a sauko ƙasa da ƙafa 1,000 dole komai ya daidaita: tayoyi a sake, fukafukan rage gudu a inda ya kamata, gudu daidai, jirgi a kan layi. Idan sama a washe take, iyakar ƙafa 500 ce. In an kai nan wani abu bai zauna ba, sai a fasa sauka, a ba inji wuta, a ɗaga, a zagayo a sake gwadawa ko a tafi wani filin. Fasa sauka aiki ne na yau da kullum, minti goma zuwa sha biyar da ɗan mai kawai yake ci. Duk da haka, binciken da gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar a 2017 ya gano cewa a cikin saukar da ba ta daidaita ba, kashi 3 cikin 100 kawai ake fasawa. Sauran ana dannawa a haka, kuma mafi yawansu suna ƙarewa lafiya. Haɗarin ke nan. Matuƙin da ya danna sau ashirin bai ga komai ba ya koya wa kansa cewa ƙa'idar ta wuce kima, har ranar da ruwa ya kwanta a titi.

## Ruwan Legas, hazon hunturu da tsuntsaye

Damina a Legas tana kankama daga Afrilu, ta kai ganiya a Yuni, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan da ya haura zurfin milimita 3 a kan titi ya isa a ƙidaya titin cikin masu haɗari. Taya mai gudu tana iya hawa kan ruwan ta rabu da kwalta, a taka birki jirgi ya ci gaba da tafiya kamar kwalekwale. Baƙin robar da tayoyi ke bari a wurin taɓawa, idan ba a kankare ta a kai a kai ba, tana ƙara santsi. A Afrilu da Mayun 2024, cikin makonni uku, jiragen fasinja biyu, na Dana da na XEJet, suka fita daga titin 18L bayan sauka.

Hadari yana zuwa da wata matsalar da ta fi ruwa muni, wato iska mai juyawa farat ɗaya. Jirgi yana fuskantar iska, kafin ƙiftawa ta koma bayansa ko ta danno shi ƙasa. Masu bincike sun ambaci wannan a hatsarin jirgin ADC na 29 ga Oktoban 2006 a Abuja, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa, ko da yake shi wajen tashi ne. Jirgi mara nauyi ya fi saurin jin ta. Iskar gefe da aka gwada Cessna 172 da ita ba ta wuce kilomita 28 a awa ba, iskar gaban hadari kuwa tana wuce wannan nesa ba kusa ba. Jirgin soja ƙirar King Air 350 da ya faɗi kusa da filin Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021, ɗauke da Babban Hafsan Sojin Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum goma, yana shirin sauka ne, kuma rundunar tsaro ta danganta abin da rashin kyawun yanayi.

Da hunturu kuma hazo ne. A Fabrairun 2020 an yi kwanaki ana karkatar da jiragen ƙasashen waje zuwa Akara saboda hazo ya haɗu da matsalar daidaita na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi a Legas. Ƙura ma tana iya tasowa daga ƙasa. Ranar 2 ga Fabrairun 2019 helikwaftar Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ta kife a Kabba lokacin sauka, bayan ƙurar da farfelarta ta tayar ta rufe wa matuƙa gani. Mutum 12 ɗin da ke ciki duka sun tsira.

Ƙaramin jirgi a babban fili yana da nasa abokin gaba na musamman. Babban jirgi yana barin guguwa biyu a bayan fukafukansa waɗanda za su iya kifar da ƙarami, don haka ake ba da tazarar minti uku ko kimanin kilomita 11 tsakaninsu. Sai tsuntsaye. ICAO tana son a sa ido kan duk abin da ke jawo su a cikin kilomita 13 daga fili, kuma mayankar Oko-Oba da jujin Olusosun duka suna cikin wannan da'ira. Tsuntsu ɗaya a injin jirgi mai inji biyu matsala ce. A jirgi mai inji ɗaya yana iya zama ƙarshen tafiyar.

## Kyaftin da ke kan kujerar hagu, da wanda ke baya

Lasisin tuƙi hawa-hawa ne. Na mai tuƙa kansa yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, na mai tuƙi don albashi awa 200, na babban kyaftin jirgin fasinja awa 1,500. Tafiya cikin gajimare da na'ura kaɗai tana da nata izinin, manyan jirage ma kowane iri da nasa horon.

Misalin da Arewa ba ta manta ba shi ne na Gwamnan Taraba Danbaba Suntai. Ranar 25 ga Oktoban 2012 ya tuƙo Cessna 208 da kansa daga Jalingo, ya faɗi kafin ya isa filin Yola. Ya ji rauni a kai wanda bai warke daga shi ba har ya rasu a Amurka a 2017. Rahoton hukumar bincike ta lokacin, AIB, ya ce ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgin, kuma tafiyar ta gani-da-ido ce amma ta shiga bayan faɗuwar rana. Lasisi yana da shi. Jirgin da lokacin ne suka wuce abin da lasisin ya halatta masa.

Mai ma yana cikin lissafin. Ƙa'ida ta ce ƙaramin jirgi ya isa inda za shi da ragowar man aƙalla minti 30 da rana, minti 45 da dare. Helikwaftar Bell 206 da ta taso daga Fatakwal ranar 28 ga Agustan 2020 ta faɗa tsakanin gidaje a Opebi, saura mintoci ta sauka a Ikeja, mutum uku suka rasu. Masu bincike ba su sami mai a tankinta ba. Wanda mansa ya yi ƙasa ba shi da damar fasa sauka, ko da ya ga ya kamata.

Sai matsin da ba ya fitowa a kan na'ura. A ɗauka jirgi ya taso daga Abuja da yamma, maigida na baya da baƙinsa, ana jiransu a ɗaurin aure. An iso Legas hadari ya haɗo ta gabas, jirgi ya yi sama kaɗan, gudu ya ɗan yi yawa. A jirgin fasinja ƙofa a kulle take, kyaftin bai san wanda ke baya ba, littafin kamfani kuma ya ce ba za a tuhume shi don ya fasa sauka ba. A ƙaramin jirgi taku uku ne tsakaninsa da mai biyan albashinsa. Idan ya ɗaga, abin da zai ji shi ne, "Kyaftin, lafiya? Ga titi can ina gani." Shi kuma sai ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, sai mun sake zagayowa, in bai yiwu ba Ibadan za mu," ya kuma san gobe aikinsa yana nan. A nan takarda take haɗuwa da taya. AOC ba ta riƙe birki, amma ita ce ke tilasta a sami wani a kamfani wanda aikinsa duba hutun matuƙi da horonsa, da mara masa baya ranar da ya ce a'a.

## Inda ake saɓani

Hukuma da minista suna kallon haramtacciyar shata ta fuska uku: lafiyar fasinja, kuɗin shiga, da tsaro. Masu AOC suna biyan kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti da na shata ga hukumomin sufurin sama, mai haya a ɓoye ba ya biya, kuma sunayen waɗanda ya ɗauka da kayansu ba sa bin hanyar da ta kamata. Kamfanonin shata masu AOC suna tare da hukuma a nan, domin su ake karya wa farashi.

Masu jirage na kansu suna da tasu hujjar. Da yawansu ba sa haya ko kaɗan, jiragensu sababbi ne, matuƙansu a ƙasashen waje ake sabunta musu horo, kuma suna ganin ana yi musu kuɗin goro. Suna kuma kukan yawan haraji da jinkirin takardu, abin da suke cewa shi ke tura mutane yin rajista a waje. Gaskiya ne kuma cewa samun PNCF a hannun kamfani bai tabbatar da cewa ita ce ta jawo hatsari ba. Jiragen da suka zame a 18L a 2024 na kamfanonin fasinja ne masu cikakken izini.

Matuƙa sukan nuna yatsa ga filayen. Titin 18L ya shafe sama da shekara goma babu fitilun dare sai a ƙarshen 2022 aka sa masa, a 2023 kuma aka sace fitilu a 18R lokacin da yake rufe don gyara. Filaye da dama a jihohi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai suke aiki. Hukumomin filaye su kuma sukan amsa cewa yanayin titi da na sama ana sanar da matuƙi tun kafin ya iso, shawarar sauka tasa ce. Wanda ya karanta rahotannin bincike zai ga da wuya dalili ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Ruwa a titi, ɗan ƙarin gudu, gajiya da gaggawa, kowanne shi kaɗai ana tsallake shi, haɗuwarsu a rana ɗaya ce ke kai jirgi ciyawa. Daga cikinsu, wanda ya fi araha a gyara shi ne shawarar fasa sauka.

## Abin da ya shafi wanda bai taɓa shiga jirgin ba

Na farko su ne 'yan rakiya: direba, mai tsaron lafiya, malami, ɗan jarida, mara lafiyar da dangi suka haɗa kuɗi aka ɗauko masa shata. Dokar sufurin jiragen sama ta Najeriya ta wajabta wa kamfanin da ya ɗauki fasinja ya biya kuɗin farko na aƙalla dala 30,000 cikin kwana 30 idan an rasa rai ko an ji rauni, kafin a zo kan cikakkiyar diyya. Inshorar jirgin PNCF kuwa an yanke ta ne a kan amfanin mai shi. Idan ta tabbata haya aka yi, kamfanin inshora yana da ƙofar da zai ƙi biya. Masu kallon ƙwallo sun san labarin Emiliano Sala, wanda ya rasu ranar 21 ga Janairun 2019 a ƙaramin jirgi tsakanin Faransa da Birtaniya. Matuƙin ba shi da izinin ɗaukar fasinja don kuɗi, wanda ya shirya tafiyar kuma an ɗaure shi wata 18 a 2021. Duk wanda zai biya kuɗin shata yana da haƙƙin ya nemi ganin AOC, ya kuma duba ko lambar jirgin da aka kawo tana cikin waɗanda takardar ta ƙunsa.

Na biyu fasinjan yau da kullum. Ƙaramin jirgi ɗaya da ya kwanta a titi yana rufe shi har sai masu bincike sun gama aunawa an janye shi. A Legas sai komai ya koma titi ɗaya, mai zuwa Kano ya wuni a ɗakin jira. A filin da titinsa ɗaya ne, aiki ya tsaya ke nan gaba ɗaya. Tsaurara dokar kuma zai iya ɗaga farashin shata, tun da masu araha ne ake korewa daga kasuwar.

Na uku mazauna ƙarƙashin hanya. Jirgin Dana da ya faɗi a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yunin 2012 yana gangarowa ne zuwa Ikeja. Mutum 153 da ke ciki sun rasu, tare da wasu da ke cikin gidajensu, kuma maganar diyya ta ɗauki shekaru har ta kai kotu. Doka ta wajabta wa mai jirgi inshorar da ta haɗa da mutanen ƙasa da dukiyarsu, don haka wanda aka taɓa wa shago ko rumfa yana buƙatar hoto, da lambar jirgin, da rahoto a wajen hukuma tun ranar. Dogon gini ko turken sadarwa a kusa da fili ma sai da izinin NCAA. Rahoton farko na bincike ana sa ran fitowarsa cikin kwana 30, na ƙarshe cikin shekara guda idan ya yiwu, ko da yake na Dana sai a 2017 ya fito. Manufarsa hana maimaituwa ce, ba ya yanke hukunci kan wanda zai biya.

Ranar da jirgi ya faɗo a unguwa, lambobin gaggawa na Legas 112 ne da 767. Man yawancin ƙananan jirage masu farfela ɗan'uwan fetur ne, yana iya kamawa mintoci bayan faɗuwa, lokacin da jama'a suka riga suka yi cincirindo da wayoyi. Tarkacen kuma a hannun masu bincike doka ta sa shi, abin da ya kamata shugabannin 'yan jari-bola su sanar da yaransu. Yawancin jirage irin Jabiru ba su da baƙin akwati, don haka daga ƙarfen ake karanta labarin. Inda makunnin mai ya tsaya yana nuna tankin da inji ke sha. Yadda farfela ta lanƙwashe ko ta karye yana nuna ko injin yana aiki lokacin da ta bugi ƙasa. Idan farfelar ta riga ta hau sikeli a kasuwar gwangwan, wannan tambayar ta tafi da ita.